Abin da aikin bayofidbak ya koya mana a Kano

Bayofidbak dabara ce ta maƙala wa mutum na'ura a jiki, ta nuna masa a allon kwamfuta abin da ba ya ji da kansa: bugun zuciya, ɗumin yatsa, gumin tafin hannu, ɗaurewar tsoka. Yana kallo yana koyon sassauta su. Likitocin gashin ƙashi da masana halayyar ɗan Adam ne suka fi amfani da ita, wajen ciwon kai, fargaba da rashin riƙe fitsari. Tun 1969 masu wannan aiki suke da ƙungiya a Amurka, kuma daga can yawancin littattafan koyarwa suka fito. A nan gizo ke saƙar, domin an rubuta su ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa.

Wuta ce ta fi ba da wahala. Tamu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Manhajar na'urar tana da matata da ke cire hayaniyar wuta, amma in an baro ta a kan 60, tamu sai ta kutsa cikin awo. Saƙon tsoka kuwa ba shi da ƙarfi, da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake auna shi. Sai allo ya nuna kafaɗar mutum a ɗaure tamau, alhali ya saki jiki. A fara mai da matatar kan 50. In da janareta ake aiki, ko wannan ba ya wadatarwa, don kaɗawarsa na hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Mafita ita ce a zare cajar kwamfuta a yi aiki da batir, a kuma nisanta wayar hannu daga igiyoyin.

Sai fata. Da hunturu kowa ya sha man shafawa, shi kuma mai yana shiga tsakanin fata da maƙallin. A goge wurin da auduga da sifirit, a jira ya bushe. Na'urar bugun zuciya ta yatsa da haske take aiki, baƙin lalle na iya tare shi. Ba sai an ce wa amarya ta dawo wata mai zuwa ba, a mai da na'urar leɓatun kunne.

Horon ɗumama hannu shi ne ya fi jin jiki a wajenmu. Ana so yatsa ya kai kusan digiri 35. To a watan Afrilu, da zafin Kano ke taɓa 40, yatsan ya riga ya kai kafin a fara, babu abin koyo. Da asubar Janairu kuma hannu ya sandare saboda iska, ba don damuwa ba. Ɗaki ya tsaya wajen digiri 22 ko 23, fanka kada ta busa hannun, mutum ya zauna minti goma kafin awon farko. A tambaye shi ko ya ci goro, ko ya sha shayi ko sigari, duk suna taɓa jijiyoyin jini da bugun zuciya.

A horon numfashi, yawancin manya suna dacewa da kusan numfashi 6 a minti. Ana gwada 6.5, 6, 5.5, 5 da 4.5, minti biyu kowanne, a zaɓi inda bugun zuciya ya fi hawa da sauka tare da numfashin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ji an ce "a hankali" sai ya riƙa cika ƙirji fam. Iskar kabon ta ragu a jini, jiri ya kama shi, yatsu su yi tsam-tsam. A ce masa, "Malam, rage yawan iskar, bar cikinka ya yi aikin," fitarwa ta ɗan fi shaƙa tsawo. A gida minti 20 sau biyu a rana, bayan Asuba da bayan Isha ya fi zama a ran mutane. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, likitansa kaɗai zai rage masa.