TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 17: Mudun Kaka da kasuwar Misira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin mun tsaya inda anka yi wa Inna aikin gwiwa a Alƙahira har ta fara taka ƙasa da sanda, to yau kasuwa nike son mu shiga, don wallahi tun ranar da na fara wanga rubutu maganar ke tsaye mani a maƙoshi. Waɗanda sunka kira ni suna cewa in bar zancen matar Kawu tunda an yi sulhu na ji ku, amma sulhun a ɗaki anka yi shi, maganar kuwa cikin taron mata anka jefe ni da ita.

Sai na fara komawa Argungu tukun. Kaka, Allah shi jiƙan ta, gumi take saidawa a zaure duk tsawon shekara, amma in lokacin bikin kamun kifi ya zo sai ta kafa rumfar zana can hanyar kogin Matan Fada, mu jikoki mata a kwashe mu a kai mu wanke-wanke da hura wuta. Kasko biyu gare ta, guda na suyar kifi da man gyaɗa guda na tsaye kawai don in wancan ya yi baƙi a canza, ga tanda ta masa ga tukunyar tuwon shinkafa da ba ta sauka daga murhu tun asuba. Ita ta sha ba mu labarin tana 'yar yarinya lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu a 1934 anka yi mai kamun kifi don girmamawa bayan shekarun gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, tana faɗi tana nuna tsayinta a lokacin da hannu. A zamaninmu kuwa abin ya riga ya zama na duniya, mutanen Legas, mutanen Dosso da Yamai, Turawa da kyamara rataye a wuya fatarsu ta yi jajir don rana, kowa jira yake a buga bindiga dubban masunta su ruga cikin ruwa da gora da homa a ga wa za ya fito da giwan ruwa. Kuma kowa a layinmu ya san ka'ida, in baƙo ya tsaya kuɗin kifi ya ninka, in Bature ne ya ninka sau uku. Kaka kaɗai ba ta yi. In maƙwabtan rumfa sunka yi mata magana wai tana ɓata musu kasuwa sai ta ce, "Ni mudu guda ag gare ni, shi nika auna ma ɗan gari, shi nika auna ma baƙo."

Akwai shekarar da Kawu, lokacin yana saurayi shi ne autanta, ya tsaya mata rumfa ta tafi salla. Wata Baturiya ta sayi kifi biyu ta buɗe tafin hannu da kuɗi don ya ɗauki nashi, ya kwashe duka. Ni na gani, ina tsugune ina wanke kwano. Da Kaka ta dawo ta ƙirga ta ga kuɗi sun fi kifin da ya fita, ba ta tambaye shi ba ni ta tambaya, ni kuma na faɗi. Ta damƙa mai canjin ta ce kar ya dawo sai ya samo matar, cikin wannan ƙura da cunkoso, ya kusa awa biyu yana yawo. Ban ce wannan ne ya sa gidan Kawu ba su taɓa sona ba, amma ni dai tun ranar bai ƙara kirana da sunan da yake kirana ba.

Kaka ta rasu kafin a daina bikin, ba ta ga shekarun nan da Matan Fada ta yi shiru ba tun bayan na 2009 har sai 2020 da anka dawo da shi. Aure na da haihuwar su Yaya babba da zaman da munka yi a Birnin Kebbi duk na ba ku a baya.

To farkon 2017 da labari ya bazu cewa ni zan raka Inna Misira, gidanmu ya koma kamar gidan suna. Kowa da saƙo. Dalili kuwa an ji cewa tun watan Nuwamban 2016 gwamnatinsu ta saki kuɗinsu, dala da ba ta kai fam 9 ba ta koma wajen fam 18, sai kowa ya ɗauka kaya a can tsinta ake yi, an manta mu ma namu nairar a lokacin ta kusa 500 kan dala guda a hannun 'yan canji. Littafin makaranta na saya guda na rubuta sunan kowa da abin da ya bayar da abin da yake so. Matar Kawu ita ta fi kowa, bikin ɗiyarta ya matso, abaya 12, turare, da sarƙa da ɗan kunne na zinari. A gabana ta ƙirga kuɗin sau biyu, da munka isa Kano na canza su a Wapa na rubuta nawa anka ba ni a gaban sunanta. Littafin yana nan har yau.

A can wanda ke yi muna tafinta a asibiti ɗan ƙasarmu ne, wani ne ya ba mu lambarshi tun daga gida, ya daɗe a garin Larabci a bakinshi kamar an haife shi ciki. Kar wani ya fassara ni, ɗalibanmu na Azhar da dama sun yi muna hidima don Allah, akwai yaron da ya kwana biyu a benci ƙofar ɗakin Inna ko kuɗin mota ya ƙi karɓa. Wannan da nike magana shi ya riga ya bar karatu ya mai da majinyata sana'a. Inna "ɗana" take ce mai, shi kuma "Hajiya Mama". Shi ya ce in sayayya ce babu kamar kasuwar Khan Khalili, ya ɗauke ni a tasi bayan la'asar.

Ni 'yar kasuwa ce jikar 'yar kasuwa, na san Jega na san kasuwar Sakkwato na san Kwari, amma wannan wuri ya ɗaure mani kai. An sauke mu gaban masallacin Azhar, wanda aka ce ya haura shekara dubu da ginawa, munka tsallaka zuwa filin masallacin Husaini, daga nan sai lunguna sirara waɗanda mutum uku ba su jerawa, sama da ƙasa duk kaya ne. Fitilun tagulla masu huji-huji an kunna su da rana haskensu na zuba bisa bango kamar zanen lalle, tasbaha rataye dami-dami, akwatuna ƙanana masu ƙyalli, kwalaben turare siraran wuya, gumakan Fir'auna da 'yan dalar dutse na baƙi, ƙamshin bahur da na gahawa da hayaƙin shisha duk sun cakuɗe. Turawa, 'yan Sin, Larabawan Saudiyya, kowa da jaka a gaba ya rungume. Masu shago kuwa ido gare su, tun daga nesa sun karanta ka, ni ina wucewa sai in ji "Najeriya, Najeriya, ya hajja itfaddali", wato Hajiya bismillah shigo, wani har "sannu" ya iya. Wani yaro ya bi ta gefena da tire cike da kofunan shayi bisa tafin hannu guda yana ratsa mutane ko ɗigo bai zuba ba. Na ga soɓo busasshe a buhu sun sa mai suna karkade suna saida ma Turawa a 'yar leda da tsada, abin da ke zube a bayan ɗakin Kaka.

Tafintan bai bari na tsaya ko'ina ba, duk inda na ja burki sai ya ce wannan macuci ne Anti mu je wurin mutumina. Mutumin nashi can cikin wani lungu hawa na biyu. Anka ba ni kujera anka kawo shayi da na'ana'a, anka fara zube abayoyi gabana. Duk abin da na taya sai su yi Larabci mai tsawo shi da mai shagon sannan ya juyo ya ce ya ƙi Anti, ƙara kaɗan. Ni da na saba in taya a ce albarka in juya a kira ni, ranar ban samu ko juyawar ba don ban san hanyar fita ba kuma ban san me ake cewa a kaina ba. Kuɗin abaya 12 sunka ƙare a kan 7. Zinarin ma da shi munka je layin maƙera, shi dai zinari farashin giram na ranar sananne ne kuma ga hatimi a jiki na 21, wurin kuɗin ƙira ne ake ciniki, masna'iyya suke ce mai, to nan ma ban san an yi ciniki ko ba a yi ba. Da munka fito ya ce in jira shi ya manta waya a shagon farko. Ni na san me ake komawa ɗauka, la'ada ce, a Jega ma haka dillalai ke yi, amma dillalin Jega a gabanka yake karɓa kuma kowa ya san nawa ne.

Ina tsaye ni kaɗai bayan masallacin Husaini yunwa ta taso mani, tun karin safe ban sa komai ba. Sai ga wani tsoho da 'yar kura, bisa kurar wata tukunya mai dogon wuya a kishingiɗe, yana zura ludayi mai tsawo yana ɗebo wake. Ful ke nan, waken nan babba da ake dafawa dare guda bisa wuta kaɗan har ya narke. Ya zuba a 'yar tasa ya danna da bayan ludayi, ya sa mai da gishiri da lemun tsami da wani yaji, ya miƙo da gurasarsu mai faɗi. A gefe wani yaro na soya ta'amiyya, ƙosai ne sak sai dai cikinshi kore ne don ganyen da suke niƙawa ciki, bayanshi kuma riɗi. Leburori ne da masu gadi ke ci a tsaye, babu baƙo ko guda sai ni. Na nuna da yatsa, ya ba ni, ya jawo wani akwatin lemu ya kakkaɓe da hannun riga ya ce in zauna. Da na gama ban san nawa ba ne, sai na buɗe tafin hannu da duk abin da ya rage mani, har da takardar fam 100. Ya sa yatsa biyu ya ture manyan gefe ya tsinci 'yan ƙananan, sannan ya naɗe mani hannuna da nashi ya yi wata magana yana nuna mani in ɓoye. Na tsaya na ga wanda ya ci bayana, ɗan garin, daidai abin da anka ɗauka a hannuna ya biya. Wallahi nan na ji Kaka kamar tana bayana, mudu guda ag gare ni. Hawaye sunka zo mani na ja gyale na rufe fuska, tsohon ya ɗauka yajin ne ya miƙo mani ruwa.

Bayan kwana uku wata 'yar Nijar da ke aure a gidan da munka kama haya a unguwar Hayyul Ashir ta ga abayoyin ta tambayi nawa na saya. Da na faɗi sai ta dafe ƙirji. Washegari ta ɗauke ni a motar haya zuwa Ataba munka biyo titin Muski da ƙafa, titin da ya miƙe har ya ɓulla wajen masallacin Husainin nan dai, nan 'yan gari ke sayayya, ga abayar nan iri guda ɗinki guda a kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya. Ita ta koya mani "bikam" (nawa ne) da "gali" (ya yi tsada), ta ce in anka faɗi kuɗi a Khan in raba biyu in fara daga ƙasa da haka, kuma kar in sha shayin shago in ban shirya saye ba. Ita ta sai mani koshari ranar, shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙanƙanin wake nasu) an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa, Inna ta so shi har ta riƙa aike na.

Saura abaya 5 na matar Kawu kuma kuɗinta sun ƙare. Ba laifinta ba ne, amana ta ba ni. Zoben da Maigida ya sai mani haihuwar fari na cire na kai layin maƙeran nan anka auna anka ba ni kuɗi, na cika mata 12 cif, ban taɓa kuɗin maganin Inna ba kuma ban gaya ma kowa ba sai Inna. Tafintan kuwa na daina ɗaga wayarshi, Inna ta yi ta tambaya ina ɗanta har sai da na faɗa mata.

Munka dawo, na kai kaya gidan Kawu da kaina da littafina da rasit na zinari. Ta amsa ta juya su ta ce wasu abayoyin ba su kai wasu ba, alhali biyar ɗin da take yabo su ne na Muski da zobena ya saya. Zinarin ta aika Sakkwato anka sake aunawa, ya cika. Duk wannan na haɗiye. Sai ranar wunin biki, mata cike da tsakar gida, na shigo da sallama ta dube ni ta ce ma ta kusa da ita da ƙarfi yadda kowa za ya ji, "wasu dai sun tai jinya sun dawo da jari." Anka yi dariya. Kawu yana zaure, an gaya mai a daren, bai ce komai ba har yau. Shi da ya san mudun da anka raine ni da shi, shi da anka kora cikin ƙura ya mai da canjin Baturiya.

Inna ce ta hana ni buɗe littafin a wurin, ta kama hannuna na dama, wanda babu zoben, ta matse ta ce mu tafi gida. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan gaya muku yadda Maigida ya gane zoben ba ya hannuna, da abin da ya je ya faɗa ma Kawu.