Jan Biron Kawu da Ruwan Gishiri

Ƙannena masu sha'awar rubutu, ku matso in ba ku labarin wautata, tunda gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ina aji biyar a sakandare ciwon rubutu ya kama ni. Lokacin babu waya a hannun kowa. In kana son duniya ta ji ka, sai ka sayi fallen takarda da ambulan da kan sarki, ka taka har gidan waya. Burina in ga sunana a shafin wasiƙu na wata jaridar Hausa, 'yan majalisarmu su san ni ma na isa. Wasiƙa 11 na aika cikin shekara guda, ko ɗaya ba ta fito ba. Sai na yanke hukunci cewa abin sai mai hanya, ɗan talaka ba ya shiga jarida.

Ta 12 ce na kai wa kawuna, tsohon hedimasta, ba don ya gyara ba, don ya yaba. Na same shi a zaure kan buzu bayan la'asar, rediyonsa a gefe. Ya sa tabarau ya karance shafi huɗun nan tsaf bai ce uffan ba, sannan ya ce in zaro masa jan biro daga aljihun rigarsa da ke rataye.

Shafin farko gaisuwa ce zalla: edita, ma'aikatansa, iyalansu, sai abokaina tara da sunayen unguwanninsu. Ya ja layi daga sama har ƙasa. "Wannan ai zaɓi-sonka ne." Na biyu na cika shi da karin magana da kalmomin Larabci da na tsinta a wajen wa'azi ban gama sanin ma'anarsu ba. Ya soke. Na uku zagin shugabanni ne a dunƙule, sun ci amana, sun manta da talaka, Allah ya isa. Ya soke. Sai can ƙasan shafi na huɗu ya ɗora yatsa kan layi biyu, inda na ce famfon burtsatsen unguwarmu ya lalace.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi, Kawu."

"Wata nawa ke nan? Gida nawa ke sha a wurin? Yanzu ina suke ɗebowa? Nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka?"

Na yi tsuru-tsuru. Kullum ta gaban famfon nake wucewa, amma ko ɗaya ban sani ba.

"To tashi ka je ka gano, ɗan nan. Abin da idonka ya gani ka tura shi ƙarshen takarda, ka cika gaba da abin da kowa ke faɗa a teburin mai shayi."

Kwana biyu ina zagaye unguwa da littafi a hannu. Na ƙirga gidaje, na bi yara da bokitai har rijiyar bayan makabarta, na tambayi mai gyara ya ce roba ce ta cinye a cikin bututu. Wasiƙar da ta fito daga wannan yawo layi goma ce. Bayan mako uku na gan ta a jarida. Ba zan yi muku ƙarya in ce ita ta gyara famfon ba, karo-karo 'yan unguwa suka yi bayan damina. Amma an karanta, kuma ranar da aka zauna taron karo-karon, da lissafina aka yi aiki.

Don haka in za ka rubuta wa jama'a abu, sallama layi ɗaya ta wadatar, ba rashin ladabi ba ne. Daga nan faɗi abin da ya kawo ka. Magana ɗaya, da wurinta, da ranarta. In tambaya ce, faɗi abin da ka riga ka gwada, kada ka ce "injina ya ƙi tashi, a taimaka" ka bar mutane suna duba kamar 'yan bori.

Kawu yana da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo a cikin adaka, jaridar da ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Abin da ya fi son nuna mini a ciki shi ne ƙugiya: ƙ da ɗ da ɓ, kowacce a mazauninta, a zamanin da ake jera baƙaƙen dalma da hannu. Mu yanzu ga su a waya, danna kawai za mu yi, amma ƙiwa ta hana. Na taɓa rubuta wa yayana "ya bata kudin" game da wani ƙaninmu da aka aika wurin gwaggo. Ni nufina ya ba ta. Shi ya karanta ya ɓata. Kafin a warware, yaro ya sha faɗan da bai ci ba bai sha ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar wautar sai da na girma, na yi iyali, na yi ta.

A watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas da cutar Ebola, hankalin ƙasa ya tashi. Daren Alhamis wayewar Juma'a 8 ga Agusta, wajen ƙarfe uku, waya ta tashe ni. Saƙo ne: a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri kafin gari ya waye, a kuma sha, shi ne kariya. Kafin in gama karantawa wasu biyu sun shigo. Ban tambayi wa ya faɗa ba. Na tura wa duk wanda ke cikin wayata, kuma don a ɗauke shi da muhimmanci na ƙara layi ɗaya daga kaina: "Wani likita abokina ya tabbatar." Ba ni da wani aboki likita da na yi magana da shi a daren nan. Na ga kamar taimako nake yi, ƙaramar ƙarya don ceton rai.

Hajiyarmu tana da hawan jini. Da wani ne ya aiko, da ta jira gari ya waye ta tambaya. Amma ɗanta ne mai ilimin boko, kuma ya ce likita ya faɗa. Ta sa aka dama mata kofi guda ta shanye, ta ƙara da rabi. Kafin sallar Juma'a muna asibiti, kanta na sarawa, nas tana auna ta tana girgiza kai. Da nas ɗin ta ce wa ya ba ta wannan shawara, Hajiya ta dube ni, ta ce, "A gari aka faɗa." Na fi son da ta tona ni.

Allah ya kiyaye, ta kwana biyu aka sallame mu. Wasu ba su yi wannan sa'a ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu a Najeriya saboda shan ruwan gishirin. Ita kuwa cutar, a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta ko leƙo Arewa ba, kuma ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa ƙasar ta rabu da ita.

Na san ayar nan ta shida a Suratul Hujurati da ta ce a bincika labari kafin a cuci mutane cikin jahilci. Na san hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Tun a islamiyya na haddace su. Ƙarfe ukun dare, da tsoro a ciki da waya a hannu, ko ɗaya bai faɗo mini ba. Shi ya sa yanzu ba na dogara da hankalina a irin wannan lokaci, sharaɗi na kafa wa kaina: abin da ban gani ba, ban kuma san wanda ya gani ba, ba ya fita daga wayata sai ya kwana. In kuma dole in faɗa, sai in rubuta "ji na yi", in ambaci inda na ji, ba na ara masa rawanin wani. Ku ma ku gwada, musamman saƙon da ya zo da "ka tura wa mutum goma".

Washegarin sallamar na bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya na rubuta musu cewa babu wani likita, ni na ƙara. Mutum uku ne suka amsa. Hajiya kuwa har yau in muna cin tuwo ta ji miya ta yi lami, sai ta ce, "A miƙa wa abokin likita, shi ya san awon gishiri."