Ashe man gyaɗa ne ya ci amanata

Kilo 94 sikeli ya nuna mini a wani kemis a Birnin Kebbi, na ce abin ya isa haka. A lissafina jikina na ƙona kusan kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,400 a rana, sai na yanka wa kaina cin 1,900 don in rage ƙiba.

Na daɗe ina zargin tuwon shinkafa, ashe ba shi kaɗai ba ne. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne, furotin (sinadarin gina jiki) ma 4, mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan 120, uwargida kuma da ludayi take kwarara shi a miya!

Yanzu gasasshen kifin Argungu da wake nake sa gaba, ina neman giram 130 na furotin kullum. Furar la'asar dai wallahi na kasa bari, sukari kawai na cire.