Ranar da na watsa wa man suya ruwa

Washegarin Babbar Sallah ne, wajen ƙarfe 11 na safe, ina suyar naman layya a kicin. Na cika kasko da man gyaɗa kusan baki, don ina son in gama da wuri a fita rabon nama. Na kwashe zubin farko ke nan aka yi sallama. Na ce bari in leƙa, ai yanzu zan dawo. Gaisuwar Sallah kuwa kun san ta, ina gajiya, ina yara, ya muka ji da hidima. Ko da na dawo, hayaƙi ya turnuƙe, wuta tana ci a cikin kaskon.

Wutar nan ba ta wuce kamu guda ba. Amma kafin in yi wani tunani hannuna ya kai kan buta, na watsa mata ruwa. Sai ji na yi buuu! Ta tashi har silin, ta kama labulen taga, mai ya fantsamo mini tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannuna na dama.

Surukata Hajiya ce ta shigo tana salati. Tukunyar gas ta fara murɗewa, sannan ta ɗauki babban tiren ƙarfen da na ajiye don zuba nama, ta tura shi kan kaskon daga gefe har ya rufe ruf. Labulen kuma ta fizge shi ta cilla tsakar gida. "Kada ki kuskura ki ɗaga tiren nan, 'yar nan," in ji ta. "Bar shi sai ya huce, in ya sha iska tashi zai sake yi."

Daga baya na gane abin da na yi da hannuna. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, man suya kuwa yakan kai 180, wanda ya kama da wuta ma ya haura 300. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasan kasko yake nutsewa, nan take ya zama tururi, ya kumbura fiye da sau 1,000, ya yi watsi da man da ke ci. Shekara da shekaru ina girki, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini wannan.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika da maƙwabta, kowa da maganinsa, kuma duk don tausayi. Wannan ta ce man goge baki, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wata har ta ɗebo gishiri. Ƙanwar maigidana, wadda ke karatun aikin jinya, ta hana. "Anti, zo nan," ta ce, ta ja ni bakin randa, da yake babu ruwa a famfo. Ta zare mini zobe da awarwaro tun hannun bai kumbura ba, ta dinga kwarara ruwa da moɗa tana duba agogon waya har minti 20 cif. Na roƙe ta ƙanƙara, ta ce ƙara lalata fatar take yi. Bororon da ya taso ma ta hana a fasa. Ta rufe da kyalle mai tsabta muka tafi asibiti, inda ma'aikaciyar jinya ta ce da mun shafa wani abu, sai an wanke shi tas kafin a iya ganin zurfin ƙunar, kuma da na sha azaba.

Yanzu ba na ɗora mai sai murfin da ya fi bakin kasko faɗi yana kusa da ni. Mai ba ya kai rabin kasko, nama sai ya tsane, hijabi kuma a ƙofar kicin nake cire shi. Duk ranar da aka sake cika tukunyar gas, nakan shafa kumfar sabulu a bakin tiyo da kan tukunyar, in na ga tana hura ƙwayaye to yoyo ne. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa in na ji warinsa nake rufe tukunya in wangale ƙofa, ba na taɓa makunnin lantarki.

Wanda ya fi yi mini wuya shi ne ƙin fita amsa sallama. Bana da Sallah aka zo ina tsakiyar suyar cincin, na kashe wutar tukuna, na bar baƙuwa tana tsaye. Cincin ya sha mai, Hajiya ta ɗanɗana ta ce a kawo mata nata haka.