Talata, 8 ga Afrilu, 2025: ranar da Octavio Dotel ya rasu

Yau da azumin Sittu Shawwal na tashi, ga sanyi da iska kamar ba a watan Afrilu muke ba. Bayan sallar asuba na fito da mota na fara ɗaukar fasinja. Tun da sassafe na ga alamar ba lafiya ba. Wata dattijuwa 'yar Dominika na ɗauka a titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx a Niyok, tun shigowarta take waya da Sifaniyanci tana share hawaye. Da za ta sauka na ce mata, "Mama, lafiya dai?" Ta ce rufin wani gidan rawa mai suna Jet Set ne ya rufta wa jama'a a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, cikin dare ana tsakiyar wasa, kuma 'yar ƙanwarta ba ta ɗaga waya. Na ce Allah ya sa a ji alheri. Ban karɓi kuɗinta ba.

Duk wanda ya zauna a Bronx ya san mu da mutanen Dominika zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka muke yi. Su ne masu kantunan unguwa, su ne masu aski, su ne makanikai, kuma rabin waɗanda muke jiran fasinja tare su ne. Yau duk wanda ka kalla kansa na kan waya. Rediyo kuwa duk bayan ɗan lokaci sai ya ƙara adadin waɗanda suka rasu.

Bayan azahar na tsaya a kantin da nake sayen dabino da madarar buɗe-baki. Mai kantin dattijo ne, mutumin kirki, Alhaji yake kirana tun kafin in je Makka. Na same shi zaune a kan kwalin lemo, talabijin a kunne, ko gaisuwa bai amsa ba. Can ya ɗago ya ce, "Alhaji, har da Dotel." Octavio Dotel ke nan, tsohon ɗan wasan besbol ɗan Dominika. An ce an zaro shi daga ƙarƙashin ɓaraguzai da sauran numfashi, amma rai ya yi halinsa kafin likitoci su iya yin wani abu. Shekararsa 51. Tare da shi an ambaci Tony Blanco, shi ma tsohon ɗan wasa, da Nelsy Cruz, gwamnar lardin Montecristi.

A bakin wannan dattijo na koyi wasan besbol. Lokacin da na zo Niyok ban san kan wasan ba sam, ina dai ganin dubban mutane suna tururuwa zuwa filin Yankees ina mamakin abin da suke kallo har awa uku. Shi ya zaunar da ni ya warware mini. Ɗan wani ɓangare ke jefa ƙwallo, ɗan ɗaya ɓangaren ya yi ƙoƙarin bugun ta da sanda. Wasa zagaye 9 ne, a kowane zagaye sai kowane ɓangare ya fitar da masu bugu 3 kafin a yi canji. Mai jifan farko shi ne ɗan gata: ya san ranarsa, yana hutawa kwana huɗu tsakanin wasa da wasa, sunansa ake sanarwa tun jajibiri. In ya yi zagaye biyar ko shida hannu ya gaji, ko abokan karawa suka gano lagonsa, sai koci ya ɗauki wayar da ke rataye a rumfar 'yan wasa ya kira can bayan fili, inda wasu mutane ke zaune tun farkon wasa suna jira. Su ne masu jifan ɗauki. Wasa 162 ake yi a kaka guda, kuma babu ranar da ɗayansu zai ce yau ba za a neme ni ba. Sau da yawa yana shigowa ne an riga an cika masa fili da abokan gaba, ɓarnar wani ce amma shi zai kwashe. In ya gyara, gobe ba wanda zai tuna. In ya kasa, shi za a yi ta zagi a rediyo har dare.

Aikin da Dotel ya yi ke nan shekara 15, daga 1999 zuwa 2013, a ƙungiyoyi 13.

Mai kanti ya lissafo mini su da yatsu, bai tsallake ko ɗaya ba: Mets, Astros, Athletics, Yankees, Royals, Braves, White Sox, Pirates, Dodgers, Rockies, Blue Jays, Cardinals, Tigers. Mets ce ta ɗauke shi yana matashi a 1993, kuma a shekarar ne aka kashe mahaifinsa, ya shiga tasi zai koma gida daga aiki 'yan fashi suka hallaka shi. Wannan ya tsaya mini a rai, ni da nake wuni ina ɗaukar iyayen mutane a bayan mota. Yaron bai ajiye wasan ba. Ya fara buga babbar gasar besbol ta Amurka a 1999 a matsayin mai jifan farko, kuma a wasannin ƙarshen kaka na shekarar shi aka rubuta wa nasara a wasan nan mai zagaye 15 da Mets ta doke Atlanta. Ba a yi wata uku ba aka ba da shi ga Houston don a karɓo Mike Hampton.

A Astros ta Houston ne ya fi daɗewa, shekara huɗu da rabi, kuma nan ya zama abin tsoro. Shi ke riƙe zagaye na takwas ya miƙa wa Billy Wagner na tara. Dattijon nan yana filin Yankees ranar 11 ga Yunin 2003, kuma yau ma sai da ya sake ba ni labarin, idonsa jajir. Mai jifan farko na Astros, Roy Oswalt, ya ji ciwo tun a zagaye na biyu ya fita. Sai masu ɗauki biyar suka yi ta karɓar juna, har aka tashi 8 da 0 ba tare da ɗan Yankees ko ɗaya ya samu bugu mai kyau ba, abin da rabon da a yi wa ƙungiyar tun 1958. Dotel ne ya jefa zagaye na takwas, ya kayar da mutum 4, wato kowannensu ya kasa bugun jifansa sau uku, a zagayen da 3 ake buƙata, domin ƙwallon da ya kayar da Alfonso Soriano ta kuɓuce wa mai cafewa har Soriano ya ruga ya tsira. Bai girgiza ba, ya juya ya kayar da Derek Jeter da Jason Giambi. Dattijo ya ce shi magoyin bayan Yankees ne na gani-kashe-ni, amma ranar tsaye ya miƙe yana tafi, makwabtansa na harararsa.

Na koma kan hanya wajen la'asar. A rediyo na ji an yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da shi a filin Mets kafin wasansu da Miami. Masu sharhi kuwa duk da magana ɗaya suke farawa: mutumin da ya yi ƙungiyoyi 13. Har wani ya faɗe ta da sigar tausayi, kamar wanda aka yi ta kora daga gida zuwa gida. Wannan fahimtar ba ta yi mini daɗi ba, don ba haka abin yake ba.

Tsarin wasan ne ya gaji haka. A ƙwallon ƙafa in za a sayar da ɗan wasa sai ya yarda ya sa hannu. A besbol musaya ake yi da kwantiraginsa ɗungurungum, sai dai a kira shi ofis a ce ya haɗa kayansa, jirginsa da yamma. Wanda ke da ikon ƙin tafiya shi ne wanda aka rubuta masa haka a yarjejeniya, ko wanda ya shekara 10 a babbar gasa kuma 5 na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Mai jifan ɗauki da wuya ya kai ga wannan, kwantiraginsa shekara ɗaya ce ko biyu. Idan ƙarshen Yuli ya gabato, lokacin da ake rufe kasuwar musaya, ƙungiyar da ta ga ba ta da rabo a bana sai ta ba da shi ta karɓi matasa. Su wa ke karɓarsa? Masu harin kofi, waɗanda ke neman hannun da za su amince wa a zagaye na bakwai da na takwas. A 2004 da Oakland ta karɓe shi, cinikin ƙungiya uku ne wanda ya kai Carlos Beltrán Houston. A 2007 Atlanta ta ɗauko shi daga Kansas City. A 2010 kuwa rigar ƙungiya uku ya sa a kaka ɗaya, Pittsburgh da Los Angeles da Colorado. Ba wanda zai ba da matasansa don ya karɓi mutumin banza.

Ga kuma ciwo. A 2005 jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa aikin dashen jijiya wanda kan ɗauki fiye da shekara kafin mutum ya dawo. Da yawa daga nan suke ɓacewa. Shi da ya dawo a Yankees a 2006 wasan bai yi kyau ba, duk da haka ya sake miƙewa ya ƙara shekara bakwai. Na san irin wannan rayuwa a wajen 'yan ci-ranin garinmu: duk inda aiki ya kira nan ne gida, kayanka ba su wuce jaka ɗaya ba, kuma abin da zai sa a sake nemanka baɗi shi ne yadda ka yi aikin bana.

Rabonsa ya zo a ƙungiya ta 12. Ƙarshen Yulin 2011 Toronto ta tura shi St. Louis, watan Oktoba suka doke Texas a wasa na bakwai suka ɗauki kofin babbar gasa, wanda ake kira World Series, yana gab da cika shekara 38. A Afrilun 2012 ya fito wa Detroit, ya karya tarihin ƙungiyoyi 12 da Mike Morgan da Matt Stairs da Ron Villone suke riƙe da shi. A 2013 yana cikin tawagar Dominika da ta lashe gasar ƙasashe ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Gaba ɗaya ya fito a wasa 758, ya kayar da masu bugu 1,143 a zagaye 951, ya rufe wasa 109 da nasara.

Na sha ruwa a gida. Babban ɗana yana jifa a ƙungiyar makarantarsu, kuma bana an mai da shi cikin masu ɗauki, abin na cin sa ko da bai faɗa ba. Muna cin abinci ya ce, "Baba, ai an riga an karya tarihin nan nasa." Na ce haka ne, Edwin Jackson ya kai 14 a 2019, kuma su biyun a ciniki ɗaya aka kai su St. Louis, tare suka ɗauki kofi. Ya ce akwai wani Oliver Drake da ya buga wa ƙungiyoyi biyar a 2018 kaɗai, shi kam ba zai iya wannan rayuwar ba. Mahaifiyarsa ta ce ya ci abincinsa tukuna. Bayan isha'i ya kawo waya muka kalli zagayen nan na 2003 tare, ya mai da shi baya ya sake kallon yadda Dotel ke sakin ƙwallo, yana gwadawa da hannunsa a tsakar ɗaki.

Wajen ƙarfe goma mai kanti ya kira ni. Ƙanensa ya samu kujera a jirgin safe zuwa Santo Domingo, surukinsu na cikin waɗanda har yanzu ba a gani ba. Na ce masa kada ya nemi wata mota, ƙarfe huɗu zan tsaya a ƙofar gidansu in kai shi filin jirgin JFK, sahur ma a mota zan yi.