Tsutsar tumatir ce ta sa nake neman karatu a waje

Duk fom ɗin neman tallafin karatu da na buɗe, na Ingila ne ko na Jamus ko na Turkiyya, tambaya guda ba ta canzawa: me ya sa kake son wannan karatu, kuma me ya sa sai a can? Filin amsar ɗan kaɗan ne. Amma neman abin da zan rubuta a ɗan filin nan ya koya mini abubuwan da ban samu a aji ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta su, ko wani da ke kan wannan hanya zai amfana.

Muna da zaure a WhatsApp, mu da muka karanci aikin gona, inda muke duba wa juna takardu. Dalilan da suka fi yawo a cikinmu sanannu ne. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, karatun noma da ma shekara biyar ne, sai ya doshi bakwai. Ka ajiye samfur a firji, a ɗauke wuta kwana da kwanaki, aikin wata guda ya lalace. Ga kuma naira: kafin a sake ta a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Ko ɗan mai hali ya daina zancen biya wa kansa karatu a waje, balle ɗan manomi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na ganin laifin wanda ya gaji. Sai dai malamin da ya duba mini aikina na ajin ƙarshe ya ce da ni wata rana, "Kai, mai ba da kuɗin nan ba tausayi ne ya dame shi ba. Mutum nawa suka rubuto masa cewa babu wuta a ƙasarsu? Wace tambaya ce ta hana ka barci?" Na ce, "Malam, sharon." Ya ce, "To ita za ka rubuta."

Wanda bai tashi a yankin noman rani na Kadawa da Kura ba, zai iya tambaya mene ne kuma sharon. Sunan da manoma suka laƙaba wa tsutsar tumatir ke nan, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka take. A 2006 aka fara ganin ta a Sifen, daga nan ta bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum, ta gangaro Afirka. Mu a 2016 muka san ta sani na haƙiƙa. A shekarar ne gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, masana'antar tumatirin gwangwani ta Kadawa da aka buɗe ba da daɗewa ba ta tsaya don babu abin sarrafawa, farashin kwando kuma ya ninka ya sake ninkawa. Gonar mahaifina tana cikin waɗanda suka ƙone. Ƙonewa nake cewa domin haka ganyen yake komawa, kamar an bi shi da wuta. A 2023 ta sake dawowa da ƙarfi.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne yadda take rayuwa. Uwar ƙaramin ƙwaro ce mai fiffike, da dare take yawo, kuma guda ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da ɗari biyu. Da zarar ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar sai ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, tana ci daga ciki. Manomi yana feshi a waje, ita tana ɓoye. In zafi ya shigo, wata guda ya ishe ta ta girma ta hayayyafa, shi ya sa wanda ya makara da dashe, tumatirinsa ya kai Maris da Afrilu, ya fi kowa shan wuya. Idan aka yi feshi bai ci ba, sai a ƙara yawan magani, a haɗa kala biyu ko uku a tanki ɗaya, a matso da kwanakin feshi. Waɗanda suka tsira daga maganin su ne ke haifar na gaba, a haka har maganin ya daina yi musu komai. An tabbatar da faruwar hakan a Italiya da Girka da Barazil. Ni abin da ya fi ci mini rai ma shi ne yaran da ke goya tankin feshi ba takunkumi ba safar hannu, da tumatirin da ake tsinka bayan feshi da kwana ɗaya a kai kasuwar Kwanar Gafan.

Da na samu tambayata, sai rabin tambayar fom ɗin na biyu ya taso: me ya sa sai a can? A nan na koyi darasin da ya fi kowanne tsaya mini a rai. Mu in an ce waje, Landan muke hangowa, ko Amurka. Da na bi sawun waɗanda suka yi aiki a kan wannan tsutsa, sai na ga manoman Almeriya a Sifen sun shawo kanta da wani ƙwaro mai cin ƙwanta, wanda suke sakewa a kan tsiron tun yana wurin raino kafin a dasa. Dabara ce mai kyau, amma noman nasu a cikin rumfunan leda ne, rufaffu. Namu fili ne buɗaɗɗe, gona tana jingine da gona, ga gauta a gefe wadda ita ma tsutsar tana ci, ga karan tumatirin da aka gama tsinka an bar shi a tsaye yana renon ta. Sannan ƙwaron nasu in ya rasa abin farauta, tsiron tumatirin yake juyawa ya tsotsa.

Wurin da na ga ya fi kama da halin da muke ciki shi ne Kenya. A Nairobi akwai cibiyar binciken ƙwari ta icipe, wadda Farfesa Thomas Odhiambo ya kafa a 1970. Masu bincikenta sun shigo da wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Peru, can mahaifar tsutsar, wanda yake saka ƙwansa a jikinta ya kashe ta daga ciki, kuma a 2020 suka fara sakin sa a gonakin ƙananan manoma. Cibiyar tana da shirin horar da ɗaliban Afirka a ilimin ƙwari tun 1983, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus, wato DAAD, kuma tana cikin masu ɗaukar nauyin ɗaliban. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Da ƙwaron rogo mai farin gari ya addabi Afirka, a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan Hans Herren ya jagoranci kawo zanzaron da ya karya lagonsa, aka fara sakin sa a Najeriya a 1981, kuma shi ne daga baya ya shugabanci icipe. Abin da nake son koya ke nan: yadda ake renon irin waɗannan ƙwari a ɗaki mai daidaitaccen zafi, yadda ake auna ko magani ya daina ci, da yadda ake tantance ƙwarin gida da ke farautar tsutsar ta hanyar ƙwayoyin halittarsu. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a wurina, domin zanzaron da ya ji daɗin sanyin Kenya ba lallai ya jure zafin Kano na bazara ba. Mai yiwuwa maganin yana nan cikin gonakinmu, feshi ne yake kashe shi.

Sauran darussan na takarda ne da aljihu. Sharuɗɗan kowane tallafi suna gaya maka irin mutumin da ake nema. Chevening na gwamnatin Birtaniya digiri na biyu ne na shekara ɗaya, yana son wanda ya yi aiki na tsawon awa 2,800, kuma dole ka koma ƙasarka ka zauna aƙalla shekara biyu. Na gwamnatin Turkiyya yakan fara da shekarar koyon harshe. Wanda bai karanta waɗannan ba ya cike fom, ya ɓata lokacinsa. Kuma kyautar ba ta fara aiki sai ka samu: fasfo, jarrabawar Turanci ta IELTS, fitar da takardar sakamako daga jami'a, duk daga aljihunka ne, kuma takardar sakamakon nan a fara neman ta da wuri. Haka nan a tambayi wanda zai riƙa biyan alawus, a kuma tambayi waɗanda suka riga ka tafiya ko yana zuwa a kan kari. Mun sha jin ɗaliban da aka tura ƙasashen waje suna kuka kuɗin abinci ya maƙale wata da watanni. A 2025 ma gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da shirinta na BEA, wanda ta daɗe tana tura ɗalibai Rasha da Maroko da Hungari da wasu ƙasashe a ƙarƙashinsa.

Maganar dawowa ita ce mai nauyi. Da na kai wa mahaifina zancen, bai tambaye ni nisan wurin ba. Cewa ya yi, "In ka je ka samo maganin, mu za ka kawo wa ko su za ka zauna wa?" Na ce, "Baba, ku zan kawo wa, in Allah ya yarda." Ya ce, "Allah ya sa. Waɗanda suka faɗi haka suna da yawa." Bai yi ƙarya ba. Fita neman ilimi tsohuwar al'adarmu ce. Shehu Usmanu ya je Agadas wurin Malam Jibrilu ya dawo. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Landan karatun koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, duk suka dawo suka yi aiki da abin da suka gani. Muhammadu al-Katsinawi kuwa, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, can ya bar iliminsa da littattafansa. Ba na zargin wanda ya zauna, domin na san abin da ke jiran mai dawowa: ba kujera a ajiye, ba kuɗin bincike, ga iyali suna zuba ido.

Shi ya sa sashen takardata da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne na abin da zan yi bayan karatu. Ban rubuta cewa zan kawo sauyi a harkar noman Najeriya ba, don ba ni da ikon hakan. Na rubuta wuraren da irin wannan aiki zai iya zama: cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, reshen cibiyar binciken kayan lambu da ke Bagauda, cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, waɗanda su ne ke shiga ƙauyuka. Na kuma rubuta abin da zan iya ko da babu wanda ya ɗauke ni aiki: tarkon nan mai ƙamshin mace da ke janyo mazan ƙwaron, a kafa shi a gonakin unguwa guda, a riƙa ƙirga abin da ya kama duk mako, a sanar da manoma lokacin da ya kamata a yi feshi da lokacin da asarar kuɗi ce kawai, a kuma shawo kan maƙwabta su tuge karan tumatir su ƙone shi tare bayan tsinka ta ƙarshe. Wannan na riga na fara shi a ranin bana da manoman da ke kan magudanar ruwa ɗaya da mu, kuma ƙididdigar da muke tarawa ita zan liƙa a jikin takardar neman.