Mai Rabo Shi Ke Ɗauka a Ƙarshe

Yawancin lissafi da kimiyyar da aka cusa mana a makarantar kwana sun bi ruwa. Abin da ya zauna min daram, a ɗakin cin abinci na koye shi.

A makarantarmu ta maza kowane tebur yana da shugaba daga 'yan ajin ƙarshe, ludayi a hannunsa yake. Kullum tuwon gabza ne da miya tsararo, ranar shinkafa da wake kuwa sai ka ce Sallah. Siniyoyi da yawa sukan tsame naman, su kwashe kaurin miyar, su bar wa ƙanana ruwa. Ba mai cewa uffan, domin shi ɗin ne zai tashe ka da asuba cikin hunturu ka ɗebo masa ruwan wanka, ko ya miƙa maka lauje ya nuna maka ciyawa.

Shugaban teburinmu dabam yake. Sai ya jera kwanukan ya zuba, ya ce ƙaramin cikinmu ya fara zaɓa, haka har a zo kansa ya ɗauki wanda ya rage. Dole rabon ya zo daidai, tunda kowane kwano yana iya zama nasa. Ba ɗan wani ba ne, garin kwaki da ƙuli-ƙuli ne guzurinsa kamar namu, kuma yunwar da ke cinmu tana cinsa. Ranar da wani firifet ya sa ɗan ajinmu tsallen kwaɗo har ƙafafunsa suka sage, shi ne ya je ya ce, "Malam, ya isa haka, ƙaninka ne." Bai ɗaga murya ba, aka saki yaron. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake.

Yau ina da mutane a ƙarƙashina a wurin aiki, kuma dabararsa nake bi. In za a raba aikin dare ko ranakun hutu, ni ke tsarawa, sabon ma'aikaci ya fara zaɓa, in ɗauki saura. Gunaguni yakan mutu tun kafin ya tashi.

Wannan tsari na ba manyan ɗalibai iko kan ƙanana, daga makarantun Ingila Turawa suka kawo mana shi. Ana alfahari da Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga can ta zauna a Zariya ta zama Barewa, ana lissafo Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari. Alfaharin yana kan hanya. Sai dai tsarin da ke koya wa wani yaro riƙon amana, shi ne ke koya wa wani zalunci, in aka damƙa masa bulala ba mai sa ido. Wanda aka cuta a aji ɗaya yakan ƙullata, ya jira ya kai aji shida ya huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Tun da aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, zancen makarantun kwana ya koma na katanga da masu gadi, kuma wajibi ne. Ina roƙon shugabannin makarantu su haɗa da abin da ke faruwa cikin ɗakunan kwana bayan an kashe fitila. Malamin da ke kula da gida ya riƙa kwana kusa da yaran. Kafin kuma a naɗa firifet, a kira 'yan aji ɗaya a keɓe a tambaye su wa ke raba musu abinci daidai.